Yadda Ake Sauya wa Babban Okid Tukunya a Yanayin Kano

Okid wani nau'in shukar ado ne mai fure. Wanda ya yi shekara uku ko huɗu a tukunya ɗaya, kallo ɗaya za ka yi masa ka san wurin ya yi masa kaɗan. Saiwoyi sun haura bakin tukunya sun gangaro ta waje, wasu sun ɓullo ta hudar ƙasa sun liƙe wa benci, sabon toho kuma ya tsallake baki yana reto, babu inda zai sauke saiwarsa. Da iska ta ɗan kaɗa sai tukunyar ta kife, don saman ya fi gindin nauyi.

Sai dai fitowar saiwa waje ita kaɗai ba ta isa a taɓa shi ba. Yawancin okid ɗin da ake sayarwa, irin su Dendrobium da Phalaenopsis da Vanda na yankin Asiya, da Cattleya na Kudancin Amurka, a jikin bishiya suke rayuwa a dazukansu na asali, saiwarsu a sarari. Leƙowa waje halinsu ne. Abin da ke wajabta sauyi shi ne ɗaya cikin uku: sabon toho ya rasa wurin sauka, ko cikon da ke tukunyar, wato abin da aka dasa shi a ciki a madadin ƙasa, ya ruɓe, ko saiwar ciki ta fara mutuwa. A tura yatsa cikin cikon a ɗebo kaɗan. In ya marmashe ya zama baƙin taɓo a hannu, ko ka sunsuna ka ji tsami, to ya gama aiki. Ɓawon itace da ɓawon kwakwa ba su cika wuce shekara biyu ba, kuma zafin Kano da yawan ban ruwa suna ƙara musu saurin lalacewa.

Duk abin da za a yi nan gaba, saiwar ce ta sa ake yinsa haka. A duba lafiyayyar saiwa da kyau: kauri gare ta, an lulluɓe ta da wata farar fata mai ƙyalli, bakinta kuma kore shar. Da an watsa mata ruwa sai farar fatar ta tsotse shi nan take ta koma kore, bayan ɗan lokaci ta sake fari. Tana son ta jiƙe sosai, sannan ta sha iska ta bushe. In ta kwana biyu ko uku cikin laima babu iska, shaƙewa take yi ta ruɓe. Shi ya sa haɗin da muka saba yi wa fulawa, na ƙasa da yashi da takin gargajiya, yake kashe irin wannan okid cikin 'yan makonni, komai kyawun takin.

Kafin a fara, a san irin girman da shukar take yi. Dendrobium da Cattleya da Ansellia gefe suke tafiya: suna da uwar kara da ke kwance a saman ciko irin yadda citta take, kowace shekara ta ƙara gaba kaɗan ta fitar da sabon kara mai kumburi inda ake ajiye ruwa da abinci. Phalaenopsis da Vanda kuwa kara ɗaya gare su, sama yake tafiya, ganye na fitowa dama da hagu. Na farko ana iya raba su, kuma galibi ba a tsakiyar tukunya ake dasa su ba. Na biyu ba a raba su.

Lokacin da ya dace

Shukar ce ke nuna lokaci. A riƙa duba gindin sabon toho. Ranar da aka ga 'yan korayen bakunan saiwa sun tsatso, tsawonsu bai wuce santimita ɗaya ba, a yi aikin cikin makon nan. Dalili kuwa, tsoffin saiwoyi sun saba da tsohon ciko, da yawansu za su mutu bayan an motsa su ko da an bi a hankali. Sabbin ne za su shiga sabon ciko su riƙe shukar. In an bari suka kai santimita biyar ko shida, karyewa suke yi a hannu, wadda bakinta ya karye kuma takan tsaya cak na tsawon lokaci. Akwai jinsin Cattleya da sau ɗaya tak suke fitar da saiwa a shekara. In an kuskure musu lokaci, shekarar ta tafi a banza.

A Kano wannan yakan zo daidai da saukar damina. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuli iska ta yi laima, zafin bazara ya karye, ruwan kuma bai kai na Agusta ba. Babu lokacin da ya fi wannan. A Agusta ma ana iya yi, amma dole shukar ta zauna ƙarƙashin rufi, domin yankakkiyar saiwa da ruwan sama na kwana da kwanaki ruɓa suke haifarwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na zuƙe ruwan ganye fiye da yadda raunanniyar saiwa za ta iya mayarwa. Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, su ne mafi muni. Haka nan ba a taɓa okid yana da fure ko ya ɗauko kan fure, zubar da su zai yi.

Abu ɗaya ne ke karya wannan doka: ruɓewar saiwa. In ciko na wari, shukar na girgiɗi, ganye na yaushi alhali tukunyar a jiƙe take, ba a jiran damina. A fitar da shi ko a tsakiyar hunturu ne, a yi jinyarsa cikin ɗaki.

Ciko

A ƙasashen da ake noman okid da yawa, ɓawon itacen fir ko na fain ake amfani da shi. In an samu na buhu da aka shigo da shi, madalla. In ba a samu ba, abubuwa uku da ke kusa da mu sun wadatar: ɓawon kwakwa, gawayi, da fasasshen jan bulo ko tsingaro.

Ɓawon kwakwar da ake nufi shi ne na waje mai zare-zare, ba ƙoƙon ciki mai tauri ba. Yawancin kwakwar da ke isowa Kano an riga an ɓare ta, don haka sai an yi magana da masu kawo ta, misali a kasuwar 'Yan Lemo, su ajiye maka. A zaɓi busasshe mai ruwan ƙasa, a sassare shi gunduwa-gunduwa, kowace santimita biyu zuwa uku. Daga nan sai aikin da mutane ke yawan tsallakewa, wanda kuma shi ke ƙone musu saiwa: jiƙo. Ɓawon kwakwa na ɗauke da gishiri. A zuba shi a baho, a danne da dutse don ya nutse, a bar shi ya kwana, a zubar da jan ruwan, a matse, a sake zuba sabo. A yi haka aƙalla kwana uku, ko har ruwan ya daina yin ja sosai. Jiƙon ƙarshe ya kasance da ruwan sama in akwai.

Gawayi na itace ake so, irin na girki, mai nauyi wanda ba ya marmashewa a hannu. Banda dunƙulallen gawayin turaren wuta da na shisha, akwai sinadarin kama wuta a jikin da yawansu. A fasa shi daidai girman ɓawon, a tankaɗe garin, a wanke har ruwan ya daina baƙi. Jan bulo na gasasshiyar ƙasa shi ma a fasa a wanke a jiƙa. Kada a kuskura a sa ɓaraguzan bulon siminti, ƙarfin simintin na cin bakin saiwa. Garin katako da ɓuntun shinkafa da garin kwakwa mai laushi duk toshe iska suke yi, a bar su.

Ga manyan Dendrobium da Cattleya da Ansellia da ke zaune a baranda ko ƙarƙashin ragar inuwa, a haɗa kwano biyu na ɓawon kwakwa, kwano ɗaya na gawayi, kwano ɗaya na bulo. In ruwan sama zai riƙa dukan su kai tsaye, a mayar da shi ɗaya-ɗaya-ɗaya. Phalaenopsis ba shi da karan ajiye ruwa, ga shi galibi a ɗaki mai fanka ko na'urar sanyaya ɗaki yake zama, don haka a ba shi kwano uku na ɓawo, a kuma rage girman gunduwar zuwa santimita ɗaya da rabi. Wasu na dasa Dendrobium cikin gawayi zalla, kuma yana yi, ba ya ruɓewa. Amma wanda ya zaɓi haka a Kano ya shirya ban ruwa kullum daga Nuwamba har faɗuwar ruwa.

Tukunya

Kuskuren da ya fi kashe babban okid shi ne a ce tunda ya girma bari a ba shi ƙatuwar tukunya ya sake. Cikon da saiwa ba ta kai gare shi ba ba ya bushewa, musamman na tsakiya, daga can ruɓa ke farawa ta bi saiwa. Wurin girman shekara biyu kawai ake bari. In tsohuwar tukunya faɗin bakinta santimita 20 ne, sabuwa ta zama 24 ko 25. In kuma bayan an yanke matattun saiwoyi abin da ya rage kaɗan ne, a mayar da shi cikin tsohuwar bayan an wanke ta, ko ma wadda ba ta kai ta ba. Yawan saiwa ake aunawa, ba tsayin ganye ba. Dendrobium musamman matsi yake so.

Mai faɗi marar zurfi ta fi mai zurfi. Tukunyar ƙasa ta fi dacewa da manyan shuke-shuke a nan: tana da nauyin da iskar farkon damina ba za ta kifar da ita cikin sauƙi ba, tana kuma sanyaya saiwa. Aibinta saurin bushewa da hunturu da tara gishiri a baki. Ta roba na riƙe laima, ta dace da Phalaenopsis, amma baƙar roba in rana ta taɓa ta dafa saiwa take yi. Kowacce aka ɗauka, huda ɗaya a ƙasa ba ta isa ba. A yi biyar ko shida a ƙasa, da wasu a zagayen jiki, kowace yatsa zai iya shiga. Ta roba da zazzafan ƙarfe ake huda ta. Ta ƙasa a jiƙa ta ta kwana kafin a sa mata injin huda a hankali, ko a sa magina su huda tun kafin gashi, wanda ya fi sauƙi.

In faɗin tukunyar ya haura santimita 25, a kifa wata 'yar ƙaramar tukunya mai huda a tsakiyar gindinta. Wannan ya cire cikon tsakiyar da ba ya bushewa, ya bar iska a wurin.

Fitarwa da gyaran saiwa

A tanadi almakashin yankan reshe, wuƙa mai tsayi, sabuwar reza, baho, sandunan gora, waya, da tsumman atamfa da aka yayyaga siriri. Duk ƙarfen da zai yanki shuka a gasa bakinsa a wutar gas har ya yi zafi sosai, a bar shi ya huce. A maimaita kafin a koma kan wata shukar. Okid na da cututtukan bairas da ruwan jikinsa ke ɗauka daga wannan zuwa wancan ta bakin almakashi, kuma ba su da magani. Tsohuwar tukunya in za a sake amfani da ita a goge ta, a jiƙa minti 30 cikin ruwan Hypo ko Jik, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa, a ɗauraye sosai. In ta ƙasa ce a bar ta ta kwana cikin tsabtataccen ruwa bayan haka.

A nutsa tukunyar duka cikin baho na minti 20 zuwa 30. Busasshiyar saiwa ƙaras take karyewa, jiƙaƙƙiya kuwa tana lanƙwasuwa tana kuma sakin abin da ta liƙe wa. A zura wuƙa ta bi jikin tukunyar ta ciki a zagaya. A kwantar da ita, mutum ɗaya ya riƙe gindin shukar, ɗaya ya ja tukunyar. Babban okid aikin mutum biyu ne. Ba a jan sa ta sabon toho ko ta ganye. In ya ƙi fita kada a yi kokawa da shi. Ta roba a tsaga ta da almakashi daga baki zuwa ƙasa, ta ƙasa a fasa ta da guduma a hankali. Tsingaron da saiwa ta riƙe gam a bar mata shi, a dasa tare.

Abin da zai fito dunƙule ne mai siffar tukunyar, saiwoyi sun naɗe waje. Ta ƙasa ake shiga. A sa yatsu ko tsinken gora a tsakiyar gindin a riƙa zaƙulo tsohon ciko, ana watsa ruwa da tiyo ba da ƙarfi ba. A yi haƙuri da wannan matakin, yakan ci rabin sa'a ko fiye. In okid ɗin daga waje aka shigo da shi, sau da yawa za a tarar da dunƙulen gansakuka ko soso a can ƙarƙashin gindinsa, wanda aka raine shi a ciki tun yana ƙarami. A cire shi duka, shi ne matattarar ruɓa.

Da yatsu ake tantance saiwa, launi na ruɗi. Wadda ta daɗe cikin duhu takan yi rawaya ko ruwan ƙasa alhali lafiyarta lau. A matsa ta tsakanin yatsu biyu. In da tauri, rayayya ce, a bar ta. In ta lotse ta fitar da ruwa, ko ta zama holoƙo, ko an ɗan ja fatar ta zame ta bar wani siririn zare a tsakiya, ta mutu. A yanke ta daga inda taurin ya ƙare. Ƙarƙashin tsoffin karare galibi duk matattu ne, a share wurin. In rayayyun sun yi tsawon da ba za su shiga tukunya ba, gara a naɗe su a hankali da a datse.

A ɓare busassun fatun da ke lulluɓe da karare, don nan fararen ƙwari masu gari a jiki da masu ɓawo da ke liƙe wa kara suke ɓuya. A goge su da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu kaɗan, a ɗauraye. Tsohon kara da ya zubar da ganye amma yana da tauri da kore kada a yanke shi, har yanzu yana ciyar da na gaba. Wanda ya bushe ƙayau ko ya yi laushi shi ake cirewa.

Rabawa, in ta zama dole

Babban okid guda ɗaya mai toho biyar ko shida ya fi ƙananan guda huɗu kyau da yawan fure, don haka kada a raba don sha'awar yawan tukwane. A raba in tsakiyar ta mutu ta bar rami, ko nauyin ya fi ƙarfin ɗauka. A bi uwar kara daga sabon toho a ƙirga baya: kowane kaso ya samu aƙalla kara uku ko huɗu masu lafiya bayan tohon. Ƙasa da haka zai rayu, amma sai ya yi shekara biyu ko uku kafin ya sake fure. A yanke uwar karan da gasasshiyar wuƙa, yanka ɗaya, sannan a raba saiwoyin da hannu ana girgizawa.

A dubi fuskar yankan. Fari ko kore-kore shi ne lafiya. In an ga zobe mai launin shuɗi-ja a zagaye, alamar cutar Fusarium ce, wadda ke toshe hanyar ruwa a jikin shuka. A sake gasa wuƙar, a ƙara yankewa gaba har a kai wuri mai tsabta, a ƙone ɓangaren da ya kamu. A barbaɗa garin kirfa a kan yankan uwar kara don ya bushe da wuri. A kan saiwa kam kada a sa, busar da ita yake yi. Wanda ke da maganin funfuna irin mankozeb, na wurin masu sayar da kayan noma, yana iya shafa shi bisa awon da ke jikin leda. A ajiye shukar a inuwa ta sha iska na sa'o'i kaɗan, ko ta kwana in da damina ne, kafin a dasa.

Tsoffin kararen baya da suka rage, in akwai kumburarren ido a gindinsu, a tsayar da su a ƙaramar tukunya a inuwa. Sau da yawa sukan farka.

Dasawa

A zuba manyan tsingaro a gindin tukunya kamar santimita uku. Masu tafiya gefe, a jingina tsohon ɓangarensu da bangon tukunya, sabon toho ya fuskanci tsakiya da filin santimita huɗu ko biyar a gabansa. In toho na fita ta kowane gefe, sai a sa shi a tsakiya. Phalaenopsis kullum a tsakiya. A riƙe shukar yadda uwar kara za ta zo santimita biyu ƙasa da bakin tukunya, a riƙa zuba ciko kaɗan-kaɗan ana bubbuga jikin tukunyar, ana tura gunduwoyin cikin ramukan da ke tsakanin saiwoyi da tsinken gora. Ta gefen bango ake dannawa, ba ta kan saiwa ba.

Uwar kara a saman ciko take kwanciya, rabinta a waje. In an binne ta, idanun da ke gindin karare su ne za su fara ruɓewa, kuma daga gare su tohon baɗi zai fito. Phalaenopsis kuma gindin ganyensa na ƙasa ya tsaya daidai saman ciko. Saiwoyin da suka girma a iska a bar yawancinsu a waje, don in an binne su sukan shaƙe.

Sai ɗauri, wanda muhimmancinsa bai gaza na ciko ba. Sabon bakin saiwa in yana gogar gawayi duk lokacin da iska ta kaɗa shukar, mutuwa yake yi. A kafa sandar gora biyu ko uku har gindin tukunya, a ɗaure dogayen karare da tsumma, ba da matsi ba. A lanƙwasa waya ta kama bakin tukunya ta danne uwar kara tsakanin tsoffin karare biyu. In an gama, a ɗan taɓa shukar: tukunyar ce ya kamata ta motsa tare da ita. A rubuta suna da watan dashe da fensir a kan 'yar roba a soke a gefe, tawadar biro gogewa take yi a rana.

Akwai guda biyu da ba sa bin wannan tsarin. Vanda da ke rataye a kwandon katako ba a fitar da shi. A jiƙa saiwoyin su yi laushi, a saka ƙaramin kwandon cikin babba, a zaro saiwoyin ta ramuka. Ansellia kuwa, wanda ɗan Afirka ne kuma ana samunsa a dazukan Najeriya, mai fure rawaya da ɗigon ruwan ƙasa, yana fitar da siraran fararen saiwoyi masu tsini da ke kallon sama. Da su yake tare busassun ganyayen da ke faɗowa daga bishiya. Ba matattu ba ne, kada a aske su, kada a binne su, a kuma sa safar hannu don suna suka. In cikonsa gawayi ne da bulo da ba su lalace ba, a ɗauke dunƙulen yadda yake a sa a sabuwar tukunya a cike gefe.

Bayan dashe

A kai shi inuwa mai haske inda iska ke wucewa, ba rana kai tsaye, na mako biyu zuwa uku. A ɗora shi kan bencin ƙarfe ko a rataye. Tukunyar da ke ƙasa gara za ta shiga ta hudar gindi ta cinye ɓawon kwakwar, kyankyaso da dodon koɗi kuma su bi dare su gaigaye korayen bakunan saiwa.

In da damina aka yi aikin kuma an yi yanka da yawa, a hana shi ruwa kwana uku zuwa biyar don raunukan su rufe, ana ɗan fesa wa ganye da saman ciko da safe. In lalura ta sa an yi da rani, kwana biyu ya isa. Bayan nan a riƙa zuba ruwa sosai har ya zubo ta ƙasa, sannan a jira. Sabon ciko ya fi tsoho saurin bushewa, don haka tsohon lissafin kwanaki ba zai yi aiki ba. A soka busasshen tsinke har tsakiya, a bar shi minti kaɗan a zaro. In ya fito da sanyi da duhun laima, a ƙara kwana. Da safe ake ban ruwa. Ruwan da ya kwanta a tsakiyar ganyen Phalaenopsis a tsane shi da tsumma, in ya kwana a wurin kan shukar ne zai ruɓe.

Ruwan sama ya fi kowanne, in an bar na farko-farko ya wanke ƙurar rufi, aka tara a durom mai murfi. Ruwan rijiya da na burtsatse ya danganta da unguwa. In an ga farin ɓawo na taruwa a bakin tukunya, bakunan saiwa na yin baƙi suna tsayawa da zarar sun taɓa ciko, gishiri ya yi yawa. A riƙa wanke cikon da ruwa mai yawa sau ɗaya a wata, a gauraya da na sama in da hali.

Taki sai sabbin saiwoyi sun kai santimita uku sun shiga ciko, wato bayan mako uku ko huɗu. Mai narkewa a ruwa ake so, irin wanda aka rubuta 20-20-20 a jikin ledarsa, kwatan cokalin shayi cikin lita huɗu, sau ɗaya a mako lokacin girma, a kan jiƙaƙƙen ciko. Ƙwayoyin takin gona na 15-15-15 in an barbaɗa su a tukunya ƙone saiwa suke yi, kashin kaji kuma ya toshe ta.

Tsohon ganye ɗaya ko biyu ya yi rawaya ya faɗi, ko karare su ɗan tattare a makonnin farko, ba abin damuwa ba ne, shukar na cin ajiyarta. Wanda aka raba yana iya tsallake furen shekara guda. Abin da ke buƙatar hanzari shi ne baƙin tabo mai laushi da ke hawa daga gindin toho: a yanke shi har cikin lafiyayyen nama, a sa maganin funfuna, a janye ruwa, a ƙara iska. In kuma an yi wata biyu ganye na ƙara yaushi, kada a ƙara ruwa da ka, domin ƙishirwa da ruɓewar saiwa kamanninsu ɗaya a ganye. A ɗaga cikon sama a duba. In saiwa fara ce mai tauri, ruwa ne ya yi kaɗan, a nutsa tukunyar minti 15 a kowane ban ruwa. In ta yi laushi, a fitar da shi, a yanke ruɓaɓɓun, a mayar da shi tukunyar da ba ta kai wannan ba da cikon da gawayi ya fi yawa, a ɗaure shi gam, a riƙa fesa wa gindinsa ruwa da safe har sabuwar saiwa ta fito.